Rijiyarmu Ta Fara Zartsi Bayan An Gina Madatsar Lakar Zinare: Daga Can Ne?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a jihar Neja. Shekara huɗu ke nan da wani kamfanin zinare ya gina madatsa a bayan garinmu, inda yake zuba lakar da ta rage bayan an niƙa dutse an cire zinaren. Tsakaninta da gidajen farko bai kai kilomita ɗaya ba. Tun bara rijiyar bakin fadama ta fara zartsi, ruwan burtsatsen makaranta kuma yana fitowa garau, amma idan ya kwana a randa sai ya yi ja. Mutanen kamfanin sun ce sun shimfiɗa leda a ƙasan madatsar, sun kuma gwada ruwanmu ba su ga komai ba. Wasu na cewa mu riƙa tafasawa muna sa alam. Shin ruwan madatsar zai iya biyowa ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiyoyinmu? Yaya za mu gane, kuma me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko ruwan madatsar na iya isowa rijiya ta ƙarƙashin ƙasa, ko zartsin da jan da kuka gani shaida ce ta isowarsa, da kuma ko "mun gwada ba mu ga komai ba" ya isa ya kwantar muku da hankali. Ta farko, e, yana iya isowa, kuma an sha gani. Ta biyu, zartsin rijiyar fadama ya fi damuna a kan jan burtsatse. Ta uku, a'a, bai isa ba, sai kun ga takardar gwajin da idonku kun san abin da aka auna. Binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne aikina, amma ban tsaya a bakin rijiyarku ba. Don haka hanyar gano gaskiya zan ba ka, ba hukunci a kan kamfanin ba.

Abin da ke kwance a cikin madatsar

A yawancin mahaƙar zinare, tan guda na dutse giram kaɗan na zinare yake bayarwa. Wato kusan duk abin da aka haƙo, bayan an niƙe shi ya zama gari, madatsa yake komawa a matsayin laka da ruwa. Dutsen da zinare ke zama a cikinsa yakan zo da ma'adinai masu farar wuta. Mafi yawa shi ne fairait, mai ƙyallin rawaya da kan ruɗi sabon mahaƙi. Akwai asenofairait mai ɗauke da gubar asenik, akwai kuma galina, dutsen dalma, wanda ake daka tozali da shi a wurare da dama. Muddin suna binne inda iska ba ta kai, ba sa canjawa. Niƙa su da baza su a fili ne ke tayar da su. Iskar oksijin da danshi suna cin fairait, ya rikiɗe ya zama narkakken ƙarfe, da gishirin salfet, da asid irin na ruwan batir. Tan ɗaya na fairait idan ya gama lalacewa yana haifar da kimanin tan 1.6 na wannan asid, kuma sai an zuba kusan tan 1.7 na dutsen farar ƙasa kafin a kashe kaifinsa. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa cikin tsami, waɗanda idan suka samu wuri sukan ninka saurin aikin sau dubbai. Asid ɗin ne ke narkar da sauran: kadmiyom, tutiya, nikel, manganis da alminiyom.

Sai dai ba lallai ruwan ya yi tsami kafin ya zama haɗari ba. Kamfanin da ke cire zinare da sinadarin sayanaid mai guba yana zuba farar ƙasa ya ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (7 ne tsakiya, ƙasa da shi tsami, sama da shi kaifin kanwa), zuwa 10 ko 11, domin idan ya sauka sayanaid ɗin tashi yake ya zama iska mai kisa. Saboda haka ruwan sabuwar madatsar zinare kaifin kanwa gare shi, ba tsami ba, kuma asenik ya fi sakewa a irin wannan ruwa. Rana da iska suna rage sayanaid a saman tafkin, amma wanda ya nutse yakan haɗu da ƙarfe ya daɗe, wani kuma ya rikiɗe zuwa tayosayanet, amoniya da naitret. Madatsa mai shekara huɗu tana iya kasancewa a wannan mataki na farko. Tsamin daga baya yake zuwa, musamman idan aka daina zuba sabuwar laka, saman ya bushe ya tsattsage, iska ta samu ƙofa.

Batun leda kuwa, idan an shimfiɗa ta yadda ya kamata, alheri ce babba, domin tana rage yoyo ƙwarai. Amma faifai-faifai ake kawo ta a liƙe da zafi, kuma wajen liƙin, da tsinin dutse a ƙarƙashi, da tayar injin da ya taka ta, duk ƙofofi ne. Injiniyoyin da ke tsara madatsa su kansu suna lissafi da cewa za ta yi ɗan yoyo. Shi ya sa ake sa magudana a ƙarƙashinta, a kuma haƙa rijiyoyin sa ido a kewayenta. Idan aka ce muku akwai leda, ku tambaya ina rijiyoyin sa ido suke, kuma me suka nuna a shekaru huɗun nan.

Duniya ta fi jin labarin irin waɗannan madatsu idan sun fashe, kamar ta Brumadinho a Burazil da ta kashe mutum 270 a Janairun 2019, ko ta kamfanin Sino-Metals a Zambiya da ta kwarara ruwan asid cikin kogin Kafue a Fabrairun 2025 har aka rufe ruwan famfon birnin Kitwe. Abin da kake tambaya a kai ba ya yin ƙara irin wannan, shi ya sa ake makara kafin a farga da shi.

Yadda gurɓata ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana gangarawa daga tudu zuwa kwari, zuwa rafi da fadama. Madatsa mai yoyo kuma tana ɗaga ruwan da ke ƙarƙashinta ya yi tozo, sai ya bazu kowane ɓangare, har ɓangaren da a da ba ya bi. A yankunan zinare na jihar Neja ƙasar hawa biyu ce. A sama akwai ruɓaɓɓen dutse da yumɓu, nan rijiyoyin hannu ke samun ruwa. A ƙasa akwai dutse mai tauri wanda ruwa ke bi ta tsagoginsa kawai, nan burtsatse ke kaiwa. A cikin ruɓaɓɓen dutse ruwa na iya yin mitoci kaɗan ko gommai a shekara, amma idan ya samu tsaga mai buɗi ko tsohon yashin da ke kwance a ƙarƙashin fadama, tafiyar tana ninkuwa sosai. Na sha ganin rijiya kusa da wurin zuba laka tana lafiya lau, wata da ta fi ta nisa kuma ta lalace, saboda ta biyun tana kan layin tsaga. Nisan da ka ambata shi kaɗai ba ya yanke magana.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa gurɓatar ba a dunƙule take zuwa ba. Kamar ayarin fatake take, akwai jagaba a gaba, kaya masu nauyi na biye a baya. Jagaban su ne gishirin da ƙasa ba ta riƙewa: salfet, kulorayid, sodiyom, naitret, da tayosayanet idan ana aiki da sayanaid. Waɗannan kusan da saurin ruwan kansa suke tafiya. Bayansu narkakken ƙarfe da manganis. Asid da ƙarafa masu guba su ne a ƙarshe, domin ƙasar da suke ratsawa tana tare su. Idan akwai farar ƙasa a cikinta, tana riƙe pH tsakanin 6.5 da 7.5 har sai ta ƙare. Daga nan wani ma'adinin ƙarfe ya karɓa ya riƙe shi wajen 5 zuwa 6, sannan na alminiyom wajen 4, sannan tsatsa wajen 3. Duk matakin da ya ƙare, pH ya faɗi, sai ƙarafan da ƙasa ta kama a baya su sake narkewa su ci gaba. Duwatsun yankinku ba su da farar ƙasa sosai, don haka katangar farko ba ta da kauri.

An bi diddigin wannan tsari sosai a mahaƙar Nickel Rim kusa da Sudbury a Kanada. Daga 1953 zuwa 1958 kawai aka yi aiki a wurin. Amma har shekarun 1990 lakar da aka bari tana tura salfet da ƙarfe cikin yashin da ke ƙasanta, ruwan na tafiya kimanin mita 15 a shekara. A 1995 aka haƙa rami a kan hanyarsa aka cika shi da takin ganye, ɓarɓashin itace da tsakuwa, domin bakteriya su mayar da salfet ɗin su kama ƙarfen. Ƙarfen da ke shiga da miligiram ɗaruruwa a lita ya riƙa fita da ƙasa da 40. Aikin shekara biyar ya bar matsalar da ake fama da ita bayan kusan shekara arba'in.

Kowane guba kuma da halinsa. Dalma ba ta cika tafiya mai nisa a ruwan ƙasa ba, domin tana manne wa yumɓu da tsatsa. A bala'in Zamfara na 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta yi kisan. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta gwada ruwan ƙauyukan a wannan shekara ta sami dalma fiye da ƙima a wasu buɗaɗɗun rijiyoyi da kududdufai, ta kuma danganta hakan da ƙura da ƙasar da ke faɗawa ta sama. Haka aka sake rasa yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jiharku a 2015. Don haka ku lura da ƙurar da iskar hunturu ke ɗaukowa daga busasshen saman madatsar, ku yi wa rijiyoyinku murfi da daɓe.

Asenik ne na fi tsoro a wurin zinare. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, kuma yana tafiya a ruwan da ba shi da tsami. Tsatsa na kama shi, amma idan ruwa ya rasa oksijin tsatsar ta narke, sai ta sake shi. A Obuasi ta Gana, inda zinare ke cikin asenofairait, binciken da aka wallafa a 1996 ya sami asenik har maikirogiram 175 a lita a rafuka (maikirogiram dubu ne miligiram ɗaya), da 64 a ruwan ƙasa, kuma mafi yawansa a rijiyoyi masu zurfin mita 40 zuwa 70. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya 10 ce. Wani ɓangaren daga haƙar ma'adinai ya fito, wani kuma daga dutsen wurin kansa. Wannan ya nuna zurfin burtsatse ba shi ne lafiyarsa ba, kuma ba duk gubar da aka samu kusa da mahaƙa ce laifin madatsa ba. A Arlit ta Nijar ma haka rigimar take: kamfanin Cominak ya rufe a Maris 2021 ya bar kimanin tan miliyan 20 na ragowar tace yuraniyom, kuma tun 2010 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta ba da rahoton cewa huɗu cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba sun haura ƙa'idar yuraniyom ta wancan lokaci. Da yake ruwan yana kwance ne a cikin duwatsun da ke ɗauke da yuraniyom, raba na halitta da na haƙa sai da bayanan yadda ruwan yake tun kafin a fara aiki.

Alamun da kuka gani

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Rijiya a irin ƙasarku yawanci gishirinta kaɗan ne, don haka idan ta yi shekaru da daɗi sannan ta fara zartsi, wani abu ya shiga. Harshe yakan fara jin salfet daga wajen miligiram 250 a lita, wanda ya yi nesa da abin da irin wannan rijiya ta saba ɗauka. Ga shi kuma tana bakin fadama, inda ruwan ƙasa ke taruwa. Wannan ya yi daidai da isowar jagaba. Amma akwai wasu dalilan da dole a kore su: masai da ke kusa, takin zamani daga lambuna, ko ƙafewar rani da ke tattara gishiri a fadama. Gwaji yana raba su cikin sauƙi. Masai da taki naitret da kulorayid suke ɗagawa, lakar ma'adinai kuwa salfet take ɗagawa fiye da kowa. Idan aka sami tayosayanet, to wannan ba daga masai ya fito ba.

Jan burtsatsen narkakken ƙarfe ne. Yana fitowa garau domin can ƙasa babu iska, da ya sha iska a randa sai ya zama tsatsa. Miligiram 0.3 a lita ya isa ya ɓata tufafi da kwano. Wannan abu ne da ake yawan gani a burtsatsen Arewa ko babu mahaƙa kusa. Sau da yawa ma bututun ƙarfen famfon ne ke tsatsa idan ruwan na da ɗan tsami. Ku gwada da kanku: ku ɗebi bokitin farko da asuba, sannan a yi ta bugawa na tsawon lokaci a ɗebi wani, ku ajiye su su kwana. Idan na farko ya fi ja nesa ba kusa ba, bututu ne. Idan jansu ɗaya, daga ƙasa yake. Ku kuma tambayi matan da ke ɗiba ko tun haƙa shi haka yake ko kwanan nan ya fara, domin sun fi kowa sani. Ƙarfen kansa ba shi ne abin tsoro ba, sai dai ruwan da ke narkar da ƙarfe irinsa ne ke sakin asenik. Kada kowa ya sha gindin randa inda jan ya kwanta.

"Ba mu ga komai ba"

A aikina na karanta takardun gwaji da yawa da aka rubuta "ba a samu ba" a gaban dalma ko asenik, alhali na'urar da aka yi amfani da ita ba ta iya ganin abin da bai kai maikirogiram 50 ko 100 a lita ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, da maikirogiram a lita, ƙa'idar dalma 10 ce, ta asenik 10, ta kadmiyom 3, ta zaiba 6, ta yuraniyom 30. Na'urar da ke fara gani daga 50 za ta wanke ruwan da ya ninka ƙa'ida sau huɗu. Wata takardar kuma ƙwayoyin cuta da launi da pH kawai ta auna. Don haka ku nemi takardar, ku duba abin da aka auna, da mafi ƙanƙantar abin da na'urar ke iya gani, da ranar ɗiba, da wace rijiya.

Gwajin da zan amince da shi ga yadda yake. A auna pH da yawan narkakken gishiri a bakin rijiya da ƙaramar mita, domin suna canjawa a hanya. A bar burtsatse ya zubar da ruwan da ya kwana a bututu kafin a ɗiba. Samfurin ƙarafa a ɗiba biyu, ɗaya a tace ɗaya a bar shi yadda mutane ke sha, a ɗiga musu asid ɗin adanawa, a sa a sanyi. Na sayanaid kwalbarsa daban, da sinadarin adanawa daban. Kada a tsaya kan rijiyoyi biyun nan, a haɗa da duk waɗanda ke tsakanin madatsar da fadama, da ruwan da ke tsatsafowa a gindin bangon madatsar in akwai, da aƙalla rijiya ɗaya a can tudu nesa da ita, wadda za ta nuna asalin ruwan yankin. A yi a ƙarshen rani, a maimaita a ƙarshen damina. Gwaji ɗaya rana ɗaya yake nunawa. Salfet da ke hawa daga wannan gwaji zuwa wancan, yana kuma raguwa yayin da ake nisa da madatsar, shi ne shaidar da ke da wuyar musu.

Ƙaramar mitar auna gishirin ruwa ba ta da tsada. Malami irinka zai iya auna rijiyoyin gari duk wata ya rubuta a littafi, da zurfin ruwan kowace. Ba za ta ga asenik ba, amma za ta nuna inda jagaban ya kai.

Abin yi yanzu

Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ba ta cire ƙarafa ko salfet, ƙara tattara su ma take yi idan ruwan ya ƙone. Alam yana kwantar da laka, yana iya jan wani ɓangare na asenik, amma ba wanda zai san nawa ya rage, don haka ba abin dogaro ba ne. Kafin sakamako ya fito, shawarata a daina sha da girki da ruwan rijiyar fadama, musamman ga jarirai, yara da masu juna biyu, a koma ga rijiyar da ke tudu nesa da madatsar. Wanki da shi ba laifi. Ban-ruwan lambu da shinkafa kuwa a sa shi cikin gwajin, domin shinkafa tana tara asenik da kadmiyom. Cutar ƙashi da ƙoda da ta addabi manoman kogin Jinzu a Japan daga shinkafar da aka shayar da ruwan mahaƙa ta fito. Kada kuma a yi gaggawar haƙa sabon burtsatse mai injin tsakanin gari da madatsar, domin jan ruwa da ƙarfi yana jawo gurɓatar kusa.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa yin yarjejeniyar raya al'umma da garin da yake aiki, da shirin kare muhalli da gyara shi, kuma dokar 1992 ta wajabta nazarin tasirin aiki ga muhalli kafin a fara. A cikin wannan nazari ya kamata a sami gwajin ruwan garinku kafin a gina madatsar, wanda shi ne abin da za a kwatanta na yau da shi. Ku nema a rubuce ta hannun mai gari, ku aika kwafi ga sashen kula da muhallin mahaƙai na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Ku nemi a ɗebi samfuri a gabanku a raba biyu, rabi kamfani ya kai ɗakin gwajinsa, rabi ku kai wanda kuka zaɓa. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, ko sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa, za su iya nuna muku inda ake da na'urar da ta dace.

Abin da ya shafi jiki aikin likita ne, ba nawa ba. Illar asenik shekaru take ɗauka kafin ta bayyana a fata, tafin hannu da tafin ƙafa, dalma kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da wata alama a fili ba, don haka rashin ganin mara lafiya yau bai wanke ruwan ba. Idan gwaji ya nuna wani abu ya haura ƙa'ida, ku kai takardar asibiti ku nemi a yi wa yara gwajin da ya dace.

Idan takardar kamfanin ko taku ta zo hannunka, Malam, turo min lambobin pH, salfet, kulorayid, naitret, ƙarfe, manganis da asenik na kowace rijiya, da zurfinta, da ɓangaren da take daga madatsar, mu duba su tare.